Mun tsananta a ƙofar shiga, mun bar ƙofar fita a wangale

Makon jiya ɗiyar yayana ta kira ni da dare, muryarta a shaƙe. Ta samu maki mai kyau a JAMB, tana da kiredit biyar ɗin da ake nema har da Turanci da Adabin Turanci da Lissafi, karatun lauya ta nema, amma da sunaye suka fito sai ta tarar an jefa ta sashen Tarihi. "Baffa, me na yi musu?" Na ce ba ki yi wa kowa komai ba 'yata, kujerun ne ba su kai ba.

Gaskiya na faɗa mata. Hukumar da ke kula da karatun lauyoyi a Najeriya ita ke yanka wa kowace tsangayar shari'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, jami'ar da ta zarce kuwa ɗalibanta ne za su gama digiri su zauna jiran gurbi a Makarantar Horas da Lauyoyi. Wanda ya kutsa ya shiga, shekara biyar ce a gabansa cikin baƙi da farin tufafin ɗaliban shari'a, in yajin aiki bai ƙara masa ba. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sai shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyin, a Bwari ko Bagauda ko Yola ko wani reshen, sai rantsuwa, sai bautar ƙasa.

Ni ma ta nan na bi kafin in dawo Manchester da zama, kuma abin da ya fara ba ni mamaki a nan shi ne wata abokiyar aikina, solisita ce, wato lauya mai ba da shawara da shirya takardun shari'a, da ta ƙware a shari'ar gidajen haya. Muna shan shayi ta ce min ai ita Tarihi ta karanta a jami'a. Na ɗauka wasa take. Ashe a Ingila ba dole sai da digirin shari'a mutum ke zama solisita ba. Tun 2021 abin da ake nema shi ne digiri a kowane fanni, cin jarrabawar zama solisita (SQE) mai mataki biyu, da shekara biyu ta aiki a ƙarƙashin ƙwararru. Digirin shari'ar kansa shekara uku ne. Sai dai ba kyauta ba: ɗan ƙasa na biyan sama da fam dubu tara a shekara ko da a jami'ar gwamnati, bashi ne da ake cira daga albashinsa in ya fara samu.

Kada a ce ina zuga su. Nasu ƙuncin yana can gaba. Mai son zama barista, wato mai tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna, sai ya shiga ɗaya daga ƙungiyoyi huɗu na London irin su Lincoln's Inn, ya yi kwas mai tsada, sannan ya nemi gurbin koyon aiki na wata goma sha biyu a ƙarƙashin wani barista. A nan ake zubar da mutane. Na san masu digiri mai daraja ta ɗaya da suka shekara uku suna nema ba su samu ba. Amma wanda ya samu, doka ta tilasta a biya shi, kuma akwai mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakin koya masa aiki.

Mu kuwa ranar rantsuwa kowa barista ne kuma solisita a lokaci ɗaya, an yi hoto da hula da alkyabba, dangi sun ci shinkafa. Washegari fa? Ofishin farko da na yi aiki, babu takardar ɗaukar aiki, babu albashi tsayayye. Oga zai miƙo min fayil da safe ya ce je ka nemi a ɗage, in cusa hular da alkyabbar a leda in hau acaɓa. Ƙarshen wata a ba ni ambulan a ce ga kuɗin mota. Shekara guda ban rubuta takardar ƙara ko ɗaya da wani ya zauna ya gyara min ba. Wasu abokan karatunmu sun ƙare a bakin kotun majistare suna farautar masu neman beli, wasu sun koma banki ko kasuwa. Mai uwa a gindin murhu ne ke samun babban ofishi a Abuja ko Legas, ya fara lissafin shekaru goman da ake buƙata kafin neman muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya.

Akwai abin da ba zan musanya da nasu ba. Ɗalibin da ya fito daga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko daga Jami'ar Bayero zai iya haɗa dokar Bature da fiƙihun Malikiyya a kai ɗaya, ya raba gado da safe, da rana ya duba kwangila. A nan in iyali Musulmi suka zo da maganar wasiyya, ofis ɗin gaba ɗaya ni ake kallo. Kuma duk da tsallen da kuɗin rajista ya yi a 2023, ɗan talaka yana fita daga jami'ar tarayya ba tare da bashin da zai bi shi shekara talatin ko arba'in kamar na Ingila ba.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne wurin da muka kafa shingen. Muna yanke wa yarinya 'yar shekara sha bakwai hukunci da makin jarrabawar yini ɗaya, sannan wanda ya tsallake mu sake shi a kasuwa ba mai koya masa, ba mai biyansa. Da za a wajabta shekara guda ta koyon aiki da albashi mafi ƙanƙanta da doka ta sani, a kuma buɗe gajeriyar hanya ga masu digirin wani fanni, da an rage asarar.

Na ba ɗiyar tawa labarin abokiyar aikina. Ta ce, "To Baffa, in na gama Tarihin zan iya zama lauya?" Na ce za ki iya, amma sai kin koma aji biyu kin yi wasu shekaru huɗu, sannan Bagauda. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya katse. Can ta ce in turo mata kuɗin fom ɗin JAMB na baɗi.