Kamfanin giyar Shiner da maganar wane ne ɗan gari

Idan ka taso daga Houston, inda nake zaune, ka nufi San Antonio, ka saki babban titi a Flatonia ka yi kudu, za ka iske wani ɗan gari mai suna Shiner. Mutanensa dubu biyu ne da 'yan kai, garuruwa da yawa a karkarar Kano sun fi shi jama'a. Amma da wuya ka sami mutumin Texas da bai san sunansa ba, saboda wani kamfanin giya da ke garin tun 1909, wanda shi ne mafi daɗewa cikin masu zaman kansu a duk jihar.

Ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na sayar da ita, kuma ba tallarta na zo yi ba. Hukuncinta sananne ne, ɓarnarta kuma ina ganin ta a nan da idona. Abin da ya ja hankalina shi ne mutanen da suka riƙe kamfanin. Manyan biyun da suka raya shi, babu wanda aka binne cibiyarsa a Amurka.

Garin kansa layin dogo ne ya haife shi a 1887, lokacin da wani mai filaye, Henry Shiner, ya ba da fili aka shimfiɗa hanyar jirgi. Waɗanda suka cika shi manoman auduga ne, Jamusawa da 'yan Cek daga Bohemiya da Morabiya. Su ne suka haɗa kuɗi a 1909 suka kafa kamfanin, don suna kewar irin giyar ƙasarsu. Kuɗi suna da shi, gwani ne babu, sai abin ya yi ta tangal-tangal. A 1914 suka ba da hayarsa ga wani Bajamushe daga Bavariya, Kosmos Spoetzl, shekara na zagayowa ya saye shi.

Wannan mutum ɗan ci-rani ne na gaske, irin wanda Bahaushe zai gane da kallo ɗaya. Ya koyi sana'a a ƙasarsu, ya yi shekara takwas yana aiki a wani kamfanin giya a Alƙahira, ya tsallaka Kanada, sanyi ya kore shi ya gangaro Texas yana neman inda jikinsa zai yi daɗi. Ya wuce shekara arba'in da haihuwa lokacin da ya sauka Shiner. Kuma ya zo a mugun lokaci. A 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, aka fara yi wa duk mai jin Jamusanci kallon maci amana, har Texas ta yi dokar da ta tilasta koyarwa da Turanci kaɗai a makarantun gwamnati. A 1918 jihar ta hana giya, daga 1920 kuma aka hana ta a ƙasar baki ɗaya har zuwa 1933. Mutum ya zuba duk abin da ya tara a sana'a, bayan shekara uku hukuma ta ce sana'ar laifi ce.

Kamfanoni da yawa sun rufe a wannan tsakani. Spoetzl bai naɗe tabarmarsa ba. Ya koma yin ƙanƙara yana sayarwa, da wani abin sha da aka zare masa abin da ke bugarwa, ya riƙe injinansa suna juyawa shekara goma sha biyar. Ana ba da labarin yadda yake loda ganga a tsohuwar motarsa ƙirar Ford ya bi gonakin auduga yana gaisawa da manoma da harshensu. Da ya mutu a 1950, 'yarsa Cecelie, wadda garin ke kira Miss Celie, ta karɓi ragama. An ce a lokacin ita kaɗai ce mace mai kamfanin giya nata na kanta a Amurka. Ta riƙe har 1966 kafin ta sayar.

Daga nan kamfanin ya yi ta sauya hannu yana ramewa, sai ɗalibai da mawaƙan birnin Austin da suka ɗauke shi nasu suka ɗan tallafe shi. A 1989 wani baƙon ya sake zuwa, Carlos Alvarez, mutumin Meziko, wanda ya yi arzikinsa da shigo da giyar Corona Amurka. Ofishinsa a San Antonio yake, kuma da ya ga dama da ya kwashe injina ya kai su birni ya bar wa garin kango. Bai yi ba. Ya bar aikin a Shiner, ya bar sunan Spoetzl a jikin ginin, ya faɗaɗa. A 2021 ya ba jami'ar jiha da ke San Antonio dala miliyan 20, aka sa wa tsangayar kasuwancinta sunansa. Ya rasu a 2024, jaridun Texas suka yi ta'aziyyarsa a matsayin nasu.

To a nan ne zuciyata ke komawa gida. Muna da karin magana, wai baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Na taso ina jin ta a bakin manya, amma tarihinmu bai goyi bayanta ba. Ka zaga cikin birnin Kano ka ji sunayen unguwanni: Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Jikokin waɗannan mutane yau Kanawa ne, babu mai tambayar su takarda. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, kuma Agalawa asalinsu daga arewa suka gangaro, daga ƙasar Buzaye. Ya yi fataucin goro har Gwanja da Ankara ta ƙasar Gana, ya dawo ya zama babban dillalin gyaɗa, kuma ta ɗiyar gidan ne aka haifi Aliko Ɗangote. Da Kano ta tsaya tana lissafin daga ina kakansa ya fito, wa ya yi asara? Abin da Shiner ta yi da Spoetzl, Kano ta yi shi ɗaruruwan shekaru kafin a san za a yi wani gari wai shi Shiner.

Abin ya lalace ne daga baya. Turawa suka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa wajen 1913, suka ce baƙi su zauna can. A Ibadan aka ware wa Hausawa Sabo a 1916. Muka karɓi mulki muka riƙe wannan shinge, har muka ƙara masa ƙaya: tsarin mulkin 1999 da kansa ya ce ministan da za a naɗa daga kowace jiha sai ya zama ɗan asalin jihar, kuma yaro ba ya samun gurbin karatu ko aikin gwamnati cikin sauƙi sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Bahaushen Jos da kakan kakansa ya zo haƙar kuza fiye da shekara ɗari da suka wuce har yau ɗan zuwa ne, kuma mun ga jinin da aka zubar a kan wannan magana a 2001 da 2008 da 2010. Idan za mu yi kuka da wannan, adalci ya sa mu dubi Inyamurin da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano, yana jin Hausa kamar jakin Kano, yana biyan haraji, yana ɗaukar 'ya'yanmu aiki a shagonsa, amma ranar da rikici ya tashi shi ne farkon wanda ake nuna wa tasha. Gana ta kori baƙi a 1969 zamanin Busia, mutanen zango da yawa suka tafi suka bar gidaje. Mu ma muka rama a 1983 zamanin Shagari.

Kada wani ya ɗauka ina wanke Texas ne. Ƙofar da aka buɗe wa Spoetzl, farar fata ce ta buɗe ta. A shekarun da yake yawo gonakin auduga, baƙar fata da aka haifa a wannan ƙasa ba ya shiga makaranta ɗaya da ɗan Bajamushen da ya sauka jiya, kuma 'yan Meziko ma sun sha irin wannan wulaƙanci. Yau ɗin nan akwai masu kwana da fargabar jami'an shige da fice. Amma akwai abu ɗaya da suka daidaita wanda mu muka kasa: idan ka zama ɗan ƙasa, inda kake zaune nan ne garinka. Ɗan Amurka da ya yi shekara guda a Texas zai biya kuɗin jami'a irin na 'yan jiha, kuma babu ofishin da zai tambaye shi ƙauyen kakansa.

Sauran laifin kuma yana wuyanmu, mu mazauna waje. Da yawanmu muna shekara ashirin a gari da jaka a ɗaure. Duk abin da aka samu a tura gida a gina bene a kulle, a nan kuma ana haya, ba a shiga taron unguwa, ba a san sunan kansila ba. Ba na hana kowa gini a gida, iyaye da dangi suna da haƙƙi. Sai dai mutumin da bai dasa komai ba a inda yake, da wuya garin ya riƙe sunansa. Muna da sana'o'i na halal da suka fi ƙarfin a raina su: kilishi, tsire, fura, zoɓo, jima da ɗinkin fata, ɗinkin babbar riga. Ana yin su a Houston, amma galibi daga kicin ɗin gida, ana tallata su a WhatsApp, kuma ranar da mai yi ya gaji ko ya koma gida shi ke nan. Ina so in ga ɗaya daga cikinmu ya yi rajista, ya kama shago da sunansa a jiki, ya rubuta yadda ake haɗa yajin, ya zaunar da 'yarsa a kan littafin ciniki tun tana sakandare kamar yadda ya zaunar da ɗansa.