Fayil ɗin da ba ni na ce a buɗe ba

Wuta ta ɗauke, kwamfuta tana tsakiyar sabunta Windows, batirin kuwa kun san tun bara ya mutu. Da safe na kunna, allo fayau. Ba hoton yara, ba lissafin shago, sai wani ɗan rubutu da Faransanci wai an shigar da ni ta asusun wucin gadi. Na rungume ta, na hau mashin sai babbar kasuwar Garwa, cikin zafin Afrilun nan.

Mai gyaran ba ya nan, sai yaronsa, wanda ko gashin baki bai fara ba. Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kayanka na nan. Windows ce ta kasa karanta NTUSER.DAT, inda saitinka yake, sai ta ba ka na aro. Kada dai ka ajiye komai a na aron, kana fita ya tafi." Ya buɗe sabon asusu, ya shiga C, ya shiga Utilisateurs, sai ga tsohon sunana da komai a ciki. Har na fara sa masa albarka.

To, Kawun matata Hajiya na zaune a bencin. Kun san shi. Ba shi da kwamfuta, wayarsa ma ta tocila ce, amma kullum yana shagon nan saboda fanka. Mutumin da kuɗin buhun shinkafata ke wuyansa tun babbar Sallah, in mun haɗu sai ya riga ni tambayar ya kasuwa.

Yaro ya ce zai kwashe Bureau da Documents da Images, ban da NTUSER.DAT ɗin da ya lalace. Amma wai sai ya karanta mini ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi.

"Bashin kwastomomi?"

"Kwafe."

"Kasafin amarya 2?"

Na ce na wani abokina ne. Ya ce bari ya duba ko bai lalace ba. Na ce bar shi. Ya riga ya danna. Ga sadaki, ga lefe, ga kuɗin fentin ɗaki, duk a jere, sunana a sama da manyan baƙaƙe. Kawu ya laluba aljihu ya ciro tabarau. Ya goge shi da bakin riga, bai yi sauri ba. Ya matso har ina jin warin goronsa, ya bi layi da yatsa har ƙasa, inda aka rubuta kayan faɗar kishiya: sefa 5,000.

"Dubu biyar," in ji shi. "'Yar tamu."

Mai shayi ma sai da ya leƙo. Shi kuwa Kawu matansa uku, ko wa ya taɓa ganin kasafinsa?

Na biya yaro na fito. Hajiya ba ta ce komai ba tukuna, gaisuwa ma ta ƙaru. Firinta dai har yanzu ta ƙi, kuma ƙ da ɗ sun ɓace daga madannai, wannan ma a waya na rubuta.