Teburin Lincoln a 1864: abin ciniki da abin da ba a kai shi kasuwa

A tsakiyar shekarar 1864, shugaban Amurka Abraham Lincoln ba a fadar White House yake kwana ba. Zafi da ɗoyin birnin Washington sun sa ya kwashe iyalinsa zuwa wani gida a harabar mazaunin tsofaffin sojoji, kimanin mil uku daga fadar. Kullum da safe sai ya hau doki ko keken doki ya gangaro ofis, sojojin dawaki na take masa baya. Kafin ya iso, jama'a sun riga sun yi cincirindo a matakala da barandar benen da ofishinsa yake. Ga mai neman a naɗa shi shugaban gidan waya a garinsu, ga hafsan da ke ganin an danne masa ƙarin girma, ga wanda ya ƙera sabuwar bindiga yana so gwamnati ta saya, ga ɗan kasuwa mai neman takardar izinin sayen auduga daga Kudu. A cikinsu kuma ba a rasa tsohuwar da kotun soja ta yanke wa ɗanta hukuncin kisa saboda ya gudu daga fagen daga.

Sakatarorinsa biyu, John Nicolay da John Hay, sun sha tsara masa lokacin ganin baƙi, shi kuma ya sha karya tsarin da kansa. Talata da Juma'a ranakun zaman majalisar ministoci ne. Takardun naɗin hafsoshi da hannunsa yake sa musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake babu wayar tangaraho a fadar, sai ya taka da ƙafa zuwa ma'aikatar yaƙi da ke maƙwabtaka, sau da yawa har cikin dare, ya jawo aljihun teburin da ake tara saƙonni ya yi ta karantawa daga na sama har ya iso wanda ya riga ya gani. Duk wannan ana yinsa ne yaƙin basasa tsakanin gwamnatin Tarayya ta Arewa da 'yan awaren jihohin Kudu masu riƙe da bayi na cikin shekararsa ta huɗu, zaɓe kuma na tafe ranar 8 ga Nuwamba.

Masu yabon Lincoln sun fi son su nuna shi a matsayin waliyyin da ya fi ƙarfin siyasa. Takardun da suka ratsa teburinsa a waɗannan watanni ba su goyi bayan haka ba. Ɗan siyasa ne gogagge, yana son ya zarce, kuma ya yi amfani da ƙarfin kujerarsa don ya zarce ɗin. Abin da ya bambanta shi, a ganina, shi ne ya raba takardun teburin gida biyu. Akwai waɗanda ya yarda a yi ciniki da su, ya kuma yi cinikin ba tare da jin kunya ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da ya hana ɗan takarar da ke cikinsa ya taɓa, ko da kuwa a kansu zai faɗi.

A duba halin da ake ciki tukuna. Daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Yuni, rundunar Janar Ulysses Grant ta yi asarar mutum fiye da 50,000 a jihar Virginia, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, daga bisani ta cije a bakin garin Petersburg. A watan Yuli dakarun 'yan aware ƙarƙashin Jubal Early suka iso har bakin Washington, Lincoln ya je sansanin Fort Stevens ya tsaya a kan ganuwa harsasai na shawagi, har aka harbi wani likitan soja a kusa da shi. Darajar takardar dala ta zube ƙasa da rabin kimarta a zinariya. Mutanen Arewa sun gaji da lissafin gawawwaki.

Cikin wannan yanayi ne, ranar 18 ga Yuli, ya sa hannu a takardu biyu da duk mai ba ɗan takara shawara zai ce a ɓoye su sai bayan zaɓe. Ta farko kira ce ta neman ƙarin sojoji 500,000, da sharaɗin duk yankin da bai cika adadinsa ba za a fara ɗiban mutanensa na dole a watan Satumba, wato ana saura wata biyu a jefa ƙuri'a. Shekara guda kafin nan, irin wannan ɗiban dole ne ya haddasa tarzomar birnin New York da ta ci rayuka fiye da 100. 'Yan jam'iyyarsa ta Republican sun yi masa ca a kan ya ɗage, bai ɗage ba. Takarda ta biyu gajeren saƙo ce ga wakilan 'yan aware da ke gefen Kanada na Niagara, inda ya ce zai saurari tayin sulhu idan ya ƙunshi dawo da ƙasa dunƙulalliya da kuma barin bauta. Sharaɗin na biyu ya zame wa 'yan adawa makami: suka shiga gaya wa talakan Arewa cewa ɗansa na mutuwa ne domin baƙar fata, kuma Lincoln ne ya toshe ƙofar zaman lafiya.

Kada a ɗauka bai girgiza ba. A ƙarshen Agusta, Henry Raymond, shugaban kwamitin jam'iyyarsa na ƙasa kuma editan New York Times, ya rubuto masa cewa guguwar ta juya musu baya, ya ba da shawarar a tura wa Jefferson Davis, shugaban 'yan aware, tayin sulhu a kan haɗin kan ƙasa kaɗai, a ajiye zancen bayi. Lincoln har ya zauna ya rubuta daftarin wasiƙar aiken. Washegari ya jingine ta. 'Yan kwanaki kafin nan ya gaya wa wasu baƙi daga Wisconsin cewa idan ya mayar da baƙaƙen fatar da suka ɗauki bindiga don Tarayya cikin bauta, ya cancanci tsinuwa duniya da lahira. A ranar kuma ya gana da Frederick Douglass, tsohon bawa kuma fitaccen mai fafutukar 'yanci, ya roƙe shi ya tsara yadda za a fito da bayi da yawa daga Kudu tun kafin wani shugaban ya zo ya rufe ƙofar. Wannan shiri ne na mutumin da ya ga faɗuwa na tafe yana ƙoƙarin ƙarasa abin da zai iya.

Ranar 23 ga Agusta ya rubuta wata 'yar takarda, ya naɗe ta ya manne, ya sa ministocinsa suka sa hannu a bayanta ba tare da sun karanta ba. Abin da ke ciki shi ne: ga dukkan alamu ba za a sake zaɓen wannan gwamnati ba, don haka wajibinsa ne ya haɗa kai da zaɓaɓɓen shugaba a ceci ƙasar tsakanin ranar zaɓe da ranar rantsarwa. Babu maganar dokar ta-ɓaci a ciki, babu maganar ƙin sauka. Alhali mutumin da jam'iyyar Democrat ta tsayar mako guda bayan nan a Chicago, George McClellan, janar ne da Lincoln ya sauke daga jagorancin runduna a 1862, kuma kundin manufofin jam'iyyar ya ayyana yaƙin a matsayin gazawa.

To, ga ɗaya ɓangaren teburin, wanda littattafan yara ba su cika ambata ba. An yanki wani kaso na albashin ma'aikatan gwamnati don asusun jam'iyya, wanda ya nuna ƙyashi kuwa kujerarsa na rawa. John Frémont, wanda ya ɓalle ya tsaya takara yana barazanar raba ƙuri'un masu ƙin bauta, ya janye ranar 22 ga Satumba. Washegari Lincoln ya nemi ministan gidan waya, Montgomery Blair, ya ajiye aiki. Blair amininsa ne mai biyayya, laifinsa kawai masu tsattsauran ra'ayin jam'iyya ba sa ƙaunarsa. Masana na ta muhawara ko yarjejeniya aka ƙulla ko dacewa ce, amma tazarar kwana guda ba ta bar wa mai hankali wurin mamaki sosai ba. Jihar Indiana ba ta yarda sojojinta su yi zaɓe daga sansani ba, sai Lincoln ya rubuta wa Janar William Sherman, kwamandan rundunar da ke yaƙi a jihar Georgia, yana neman a bar wasunsu su je gida su kaɗa ƙuri'a a zaɓen jiha na Oktoba, ya ƙara da cewa wannan ba umarni ba ne. Hannunka mai sanda daga babban kwamandan askarawa, kowa ya san nauyinsa. An kuma gaggauta mayar da Nevada jiha ranar 31 ga Oktoba, saura kwana takwas zaɓe, har sai da aka turo kundin tsarin mulkinta gaba ɗaya ta tangaraho don kada a makara. Ga kuma dakatar da 'yancin gurfanar da wanda aka tsare a gaban alƙali, da rufe jaridun New York biyu na 'yan kwanaki a watan Mayu saboda sun buga sanarwar bogi da sunan shugaban ƙasa. Da yau wani shugaba zai yi rabin wannan, da masu sa ido kan zaɓe sun cika rahotonsu da shi, kuma da sun yi daidai.

Inda rabon takardun nan ya fi fitowa fili shi ne aikin da ya fi ci masa rai, wato duba hukuncin kotunan soja. Babban lauyan soja, Joseph Holt, kan shigo da tarin fayil, su zauna suna bi ɗaya bayan ɗaya. Hay ya rubuta cewa wata rana a 1863 sun shafe awa shida a kai. Yaran da tsoro ya sa suka ranta a na kare, Lincoln yakan nemi kowace kafa ya kuɓutar da su daga harbi, yana cewa idan Allah Ya ba mutum ƙafafu matsorata, yaya zai yi idan suka gudu da shi? A watan Fabrairun 1864 ya ba da umarnin a mayar da hukuncin kisan masu gudun yaƙi zuwa ɗauri har ƙarshen yaƙin. Janar-janar sun yi ta ƙorafin yana lalata ladabin soja. Wani zai ce ai afuwa ma neman ƙuri'a ce, tunda kowane yaro na da dangi. Amsar tana Minnesota. A 1862, bayan rikici da 'yan ƙabilar Dakota, kotun soja ta yanke wa mutum 303 hukuncin rataya, fararen jihar kuma na neman a rataye su duka. Lincoln ya sa aka bi fayil-fayil, a ƙarshe aka rataye 38. Adadin ma abin takaici ne, domin shari'ar ta gaggawa ce, wasu cikin 'yan mintoci aka gama da su. Amma bayan zaɓen 1864, Sanata Alexander Ramsey ya gaya masa da ya rataye fiye da haka da ya fi samun ƙuri'u a jihar, shi kuma ya amsa cewa ba zai rataye mutane don ƙuri'a ba.

Akan yaba masa da cewa bai ɗage zaɓe ba. Yabon na da iyaka. Tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba, wa'adinsa kuma zai ƙare ranar 4 ga Maris ko ya so ko ya ƙi. Sannan yawancin faɗan a ƙasar Kudu ake yi, jihohi 25 da suka yi zaɓe kuwa mafi yawansu rumfunansu lafiya lau suke. Birtaniya ta ɗage nata zaɓen a Yaƙin Duniya na Biyu, ba wanda ya ce dimokuraɗiyyarta ta mutu. A Najeriya ma mun ga an ɗage zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris da hujjar yaƙi da Boko Haram, kuma abin da ya tayar da ƙura shi ne shawarar ta fito daga jami'an tsaron da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikin 'yan takarar. Abin da ya kwantar da ƙurar kuwa wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari ce. Ita ce ta fi kusa da takardar 23 ga Agusta, sai dai Lincoln ya rubuta tasa tun ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba.

Kada kuma a ce tsayuwarsa ce ta ba shi nasara. Dakarun Sherman ne suka shiga birnin Atlanta ranar 2 ga Satumba, kwana biyu bayan taron Chicago, suka mayar da kundin da ya ce yaƙi ya gaza abin dariya. Janar Philip Sheridan ya ƙara da nasara a fagen daga na Cedar Creek a Oktoba. Da Atlanta ta ƙara wata biyu a hannun 'yan aware, mai yiwuwa da yanzu ana koyar da ɗiban sojan Yuli a matsayin wautar da ta kayar da shugaba mai ci. Ya sa hannu a takardun nan ne bai san Atlanta za ta faɗi ba, kuma a wannan ma'aunin ya kamata a auna su. A ƙarshe ya samu kusan kashi 55 cikin 100 na ƙuri'un jama'a, da wakilan zaɓe 212 (wakilan jihohi da ƙuri'arsu ke tabbatar da shugaban ƙasa), McClellan na da 21 daga Kentucky da Delaware da New Jersey. Cikin sojojin da aka ƙirga ƙuri'unsu daban, fiye da uku cikin huɗu shi suka zaɓa, su da ya ƙi rage wa yaƙin tsawo da sulhun da zai bar bauta.

Bayan zaɓe layin masu neman muƙami bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, kuma a nan ne ɓangarorin teburin biyu suka haɗu. Gyaran tsarin mulki na 13, mai haramta bauta, ya wuce a majalisar dattawa tun Afrilu amma ya faɗi a majalisar wakilai a watan Yuni. Lincoln bai jira sabuwar majalisar da jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta ba. Ya sa ministan harkokin waje William Seward da mutanensa suka bi 'yan Democrat, musamman waɗanda suka sha kaye suke shirin komawa gida ba aikin yi, shi da kansa kuma ya kira wasu ofis ɗaya bayan ɗaya. An yi lallashi, an yi alkawuran muƙamai, irin cinikin nan dai da aka yi da kujerar Blair. Ranar 31 ga Janairun 1865 majalisar ta amince da ƙuri'a 119 da 56, da ƙyar ta haye kashi biyu cikin uku da ake buƙata.