Nasiha ga ɗaliban tsaron intanet na Gusau da Birnin Kebbi

Ƙannena, yawancinku kun taƙaita karatun nan a kan koyon kutse. Ana saka Kali Linux (manhajar tafiyar da kwamfuta mai ɗauke da kayan gwajin kutse) a kwamfuta, a kalli bidiyo biyu, shi ke nan an zama gwani. Amma tsaron ƙasa a intanet yana tsaye ne a kan wasu tambayoyi: wa ke da ikon yanke hukunci, da wace doka, kuma wa zai ɗauki asarar?

Misalin yana ƙofar gidanmu. A Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layi a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Masu POS suka naɗe hannu, tura kuɗi ya tsaya, mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota zuwa wata jiha. Duk mai neman batun binciken kammala digiri, ga shi nan. Ku tattara ranakun rufewa da na buɗewa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ku zauna da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti, ku ɓoye sunayensu, domin maganar tsaro tana iya jefa mutum cikin haɗari. Sannan ku gwada da rahotannin hare-hare kafin rufewar da bayanta. Inda ake faɗuwa shi ne a rubuta "matakin ya yi nasara" ko "ya gaza" tun ba a ƙirga komai ba.

Ku karanta dokar laifukan intanet ta 2015 da kanku, sashe-sashe, tare da gyaranta na 2024 wanda ya wajabta kai rahoton hari cikin awa 72. Ku haɗa da manufar tsaron intanet ta ƙasa ta 2021, ku san cewa ngCERT, tawagar gwamnati mai kai ɗauki idan an kai harin intanet, tana ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Kada ku yi saurin cewa "ƙasa kaza ce ta kai hari" don kun ga lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet. Ƙwararren mahari ta kwamfutocin wasu yake bi. A Disamban 2015, lokacin da aka kashe wa dubban gidaje wuta a Yukren, maharan sun shiga tun watanni kafin nan ta saƙon imel mai ɗauke da tarko, kuma da hannu injiniyoyi suka maido da wutar. Wannan darasi ya fi kowane shafar mu: wace hanyar hannu ta rage wa banki ko asibiti ranar da na'ura ta mutu?

Gwaji kuwa, a gida za ku yi shi. Ku saka VirtualBox (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a cikin kwamfuta), Kali da Metasploitable (na'urar gwaji da aka raunana da gangan), a kwamfuta mai RAM 8GB, ku saita hanyar sadarwarsu a Host-only don kada su leƙa waje. Wanda ya bar ta a Bridged, saitin da ke haɗa ta kai tsaye da sadarwar waje, ya buɗe raunanniyar na'ura ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin. Kuma don Allah kada ku taɓa shafin makarantarku ba tare da rubutaccen izini ba. Doka tana iya ɗaukarsa laifi ko da niyyarku ta alheri ce.