Sunan 'ya mace ba sai na Larabci ba

Mutane da dama sun ɗauka in aka raɗa wa jaririya Kyauta, Alheri ko Murna, laƙabi aka ba ta, tunda kalmomi ne da ake furtawa kullum. Ba haka ba ne. Sunayen Larabcin da muke girmamawa ma kalmomin yau da gobe ne a bakin Larabawa: A'isha mai rai, Jamila kyakkyawa.

Ma'ana Musulunci ya duba. Annabi (SAW) ya canza wa 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya, mai nufin mai saɓo (ba sunan matar Fir'auna ba, rubutunsu daban), zuwa Jamila. Barra kuma ya mayar da ita Zainab, saboda sunan na ɗauke da yabon kai.