Wa ke riƙe wa Baba wayar?

Duk wanda ke zaune nesa da iyayensa ya san yadda gaba ke faɗuwa idan saƙo ya shigo cewa an kwantar da tsoho a asibiti. Ba ka da halin kama hanya yau ko gobe, abin da ke hannunka waya ce kawai. Na ga yadda ake dubiya da wayar nan ta hanya biyu, kuma a ganina kowacce tana da abin da ɗayar ta rasa.

Ta farko ita ce wadda asibitocin ƙasar da nake zaune suka tsara. Ta yi ƙarfi ne daga 2020, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, aka hana masu dubiya shiga ɗakunan jinya. Sai aka kawo kwamfutocin hannu, a tsayar da lokaci da iyali, nas ta zo ta gyara wa majinyaci zama, ta jingina na'urar daidai fuskarsa. Akwai natsuwa a ciki. Amma nas ba ta san sunan jikokinsa ba, ba ta san abin da ke sa shi murmushi ba, kuma wani gadon na jiranta.

Ta biyu ita ce tamu ta dangi. Mai jinya, wato ɗan'uwan da ke kula da tsohon, ya ɗaga wayarsa ya buga WhatsApp, wanda ya fara kiran bidiyo a 2016, ya kuma ƙara yawan masu shiga kira ɗaya daga 4 zuwa 8 a Afrilun 2020. Nan take fuskoki su cika allo, kowa na cewa "Sannu Baba, ya jiki?" a lokaci guda, yara na leƙowa, hoton wani ya tsaya, muryar wani ta zo a makare. Ƙauna ce zalla, ban musa ba. Sai dai a yawancin irin wannan kira mu ne muke samun sauƙi, shi kuwa tsohon yana ta raba ido, yana cewa "da sauƙi" don kada ya ba mu kunya.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne ruɗewar nan da ke kama tsofaffi a gadon asibiti. Mutum yana cikin hayyacinsa jiya, yau bai san inda yake ba, ya ɗauki dare rana. Zazzaɓi, wasu magunguna, rashin barci, ƙarancin ruwa a jiki da baƙon wuri duk suna jawo ta, kuma takan tsananta da yamma. Binciken da likita Sharon Inouye ta jagoranta a Jami'ar Yale ta Amurka, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙananan matakai kamar tuna wa majinyaci rana da wuri, saka masa tabarau da na'urar ƙara ji, da kula da barcinsa, sun rage ruɗewar daga kashi 15 cikin 100 zuwa kusan 10. To kiran bidiyo zai iya zama ɗaya daga irin waɗannan matakan, idan fuska ɗaya ce sananniya, tana zuwa a lokaci ɗaya kullum, tana cewa: "Baba, ni ce 'yarka, yau Talata, da safe ne, kana asibiti." Haka kuma zai iya ƙara dagula masa lissafi idan taro ne ya faɗo masa bayan magariba.

Ga kuma batun kunne. Idan ji ya fara raguwa da shekaru, siraran sautuka irin su s da f su ne kan fara ɓacewa, shi ya sa tsoho ke jin ana magana amma bai gane me aka ce ba. Ɗaga murya ba ya gyara wannan. Abin da ke taimakawa shi ne ya ga leɓenka, kuma nan ne bidiyo ya fi kiran murya nesa ba kusa ba. Ka zauna haske yana dukan fuskarka, ka kashe talabijin, ka yi magana a hankali, ka bar shi ya gama amsawa ko da shirun ya yi tsawo.

Akwai abin da asibitocin nan suka fi mu kiyayewa, kuma ya kamata mu koya: neman izini. Dattijon da ya rayu da mutuncinsa ba lallai ne yana son jikoki su gan shi da robar fitsari ko robar hanci ba. A tambaye shi tukuna. A kula kada kyamara ta ɗauko maƙwabcin gado. Hoton da aka ɗauka a kan kira kuma bai kamata ya ƙare a zauren dangi ana ta tura shi ba.

Amma duk tsarin nan ya rataya ne a hannun mutum ɗaya, wanda ke tsaye bakin gado. Ita ƙanwar nan ko ɗan yayan nan da ya kwana a kujera, shi ke neman inda sabis yake, shi ke cajin waya, shi ke maimaita wa Baba abin da muka faɗa. Mu na nesa mun iya mayar da kira zaman tuhuma: me likita ya ce, me ya sa ba a yi gwajin ba, ina takardar magani? Waɗannan tambayoyin a yi su a wani kiran daban, a wajen ɗakin, bayan an tambayi mai jinyar nasa jikin. A bar shi ya zaɓi lokacin da ya dace, bayan likitoci sun gama zagaye kuma kafin gajiyar yamma, ko da hakan na nufin mu farka tsakar dare a inda muke. Idan ya ce yau Baba ya gaji, a bari sai gobe, a tura saƙon murya gajere wanda zai kunna masa idan ya farka.