Ruwan tuffa mai ɗumi da narkakken sukari: wallahi kayan madafinmu ne

Sanyin bana a Katsina dai sai addu'a. Tun asuba iska ke kaɗawa har hantsi, hazo ya rufe gari, in ka tsaya wajen Ƙofar Soro da ƙyar kake hango kan Gobarau, leɓe ya tsage ƙafa ta yi faso, yara ba mai son a taɓa shi da ruwa. Amma a cikin wannan halin ne na je suna makon jiya na tarar an jera lemun kwalba cikin ƙanƙara ana miƙa ma yara ƙanana, yaro na rawar ɗari yana kurɓa. Abin ya tsaya mani a rai sosai. Ban ce shi ke kawo mura ba, ni ba likita ba ce, amma dan Allah mi ya hana mu ba su abu mai ɗumi a lokacin da jikinsu ke neman ɗumi?

Shi ya sa nake so in yi magana kan wani abin sha da na shekara biyu ina yi a gidana duk hunturu.

Ƙanwata ce ta fara nuna mani shi a waya, wasu mutanen Amurka ne suna dafa ruwan tuffa da kayan ƙamshi suna zuba mashi wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi wai shi karamel. Ta ce "Yaya kin ga wannan, ai sai dai mu gani a waya, ina mu ina irin wannan." Na karɓi wayar na sake kallo tun daga farko, sai na ga matar ta zuba sukari a busasshiyar tukunya ta bar shi ya narke ya yi ja. Na ce mata ke yanzu ba ki gane wannan ba? Ba haka Goggo take yi ba in za ta yi kantun riɗi? Wallahi shi ne, ba ƙari ba ragi. Sukarin da ake narkawa a juye riɗi ko gyaɗa a ciki, shi ne aka sa ma suna karamel muka ji kamar wani abu ne daga sama. Kayan ƙamshin ma na duba, kirfa ce da kanumfari da citta, abin da ke cikin gwangwanin kowace mace a garin nan, abin da mai shayin bakin layi ke jefawa a butarshi kullum.

Wannan shi ne abin da ke damuna da mu. Da zarar an canza ma abu suna sai mu ja baya mu ce ba namu ba ne, ko kuma mu je mu saye shi da tsada a kwalba alhali hannunmu ya fi kowa iya shi. Cittar ma da ake yin wannan abin da ita a wasu ƙasashen, ai daga nan kudancin Kaduna ake ɗibar ta, su Kachia da Kafanchan, buhu buhu ake fita da ita waje. Duk mai shiga kasuwa ta san yadda citta ta yi tsada bayan cutar da ta faɗa ma gonakinta a 2023, har wasu suka rage sa ta a kunu da zoɓo. Kanumfari asalinshi tsibiran Indunusiya ne, daga baya Zanzibar ta yi suna da shi, kirfa kuma ta Siri Lanka ce da ta Sin, amma sun daɗe a kasuwanninmu har sun zama 'yan gida, kakanninmu da su suka tashi. Baƙo ɗaya ne tak a cikin tukunyar, ita tuffar. Ita kam ba ta son zafinmu, itace ce ta ƙasar sanyi, asalinta can duwatsun Kazakistan ne, wadda muke gani jere a faranti wajen masu kayan marmari yawanci daga Afirka ta Kudu ake kawo ta, shi ya sa kuɗinta ke bin dala.

Na san nan wata za ta ce to ai ga matsalar, wa ke da kuɗin aful a wannan marra. Gaskiya ne tana da tsada ban musa ba. Amma ki lissafa, gida mai mutum takwas in kowa zai ci ɗaya sai kin sayi takwas, kuma minti biyu an gama. In dafawa za ki yi, guda biyar ko shida sun ishi gidan kowa ya samu kofi cike. Kuma ba sai kin ɗauki masu ƙyalli na saman faranti ba, ki tambayi mai kayan waɗanda suka ɗan bugu ko fatar ta fara yamushewa, yana rage kuɗinsu, ki yanke wurin da ya bugu ki yar. Ruɓaɓɓa ce kawai ban yarda da ita ba, wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki bar mashi kayanshi.

Ga yadda nake yi.

Tuffa shida, na fi son jajaye don sun fi zaƙi, in na samu koriya ɗaya sai in haɗa don ɗan tsamin nan. In wanke su da ruwan ɗumi in murza sosai saboda wani abu kamar kakin zuma da ake shafa ma fatar don kada ta bushe a hanya. Ba na fere bawon, ƙamshin da launin duk suna nan. In yanka kowace gida huɗu in cire 'ya'yan. In zuba a tukunya da ruwa kamar lita biyu, sandar kirfa biyu, kanumfari ƙwaya biyar, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa in daddaƙa ta. Kanumfarin nan dan Allah a ƙirga shi, kada a ɗebo da hannu, in ya yi yawa harshe yake kashewa ya danne komai ki rasa ina tuffar ta shiga. Kirfa kuma sanda ta fi gari, garin yana sa ruwan ya yi dagwalo kuma ya kwanta a gindin kofi. In ya tafasa sai in rage wuta in rufe in bar shi yana ɗan motsi kamar minti 40, in gawayi ne sai a janye wasu. Za ki ga tuffar ta yi lugub, sai ki sa bayan ludayi ki murƙushe ta a cikin tukunyar, ki ƙara minti 10, ki tace da ƙyallen tatar koko ki matse sosai. A lokacin nan ƙamshi ya riga ya fita har zaure.

Sai wurin da ake faɗuwa, wato sukarin. Nan nake so a nutsu. Tukunya mai kauri, busasshiya, sukari cokali takwas, wuta kaɗan. Kada ki sa cokali ki yi ta juyawa, dunƙulewa zai yi, ki bar shi ya fara narkewa daga gefe sai ki riƙa karkata tukunyar yana bin kanshi. Zai fara kamar ruwa, ya koma kalar man gyaɗa, ya koma kalar zuma, to daga kalar zuma mai duhu ki sauke, don tsakanin nan da ƙonewa bai kai ki leƙa tsakar gida ki dawo ba. Ranar farko da na yi sallama aka yi na fita amsawa, kafin in dawo ya yi baƙi yana hayaƙi, ɗaci kamar maɗaci, dole na zubar na sake. In ya ƙone ba ya gyaruwa, kada ki ce bari in zuba haka nan, zai ɓata maki tuffar da kika kashe ma kuɗi.

Kuma ina roƙonku da girman Allah, a kori yara daga madafi lokacin nan, mai goyo ta sauke goyon. Narkakken sukari zafinshi ya haura digiri 160, ya fi tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma in ya ɗiga a fata mannewa yake yi. In za ki zuba mashi ruwa ki sauke tukunyar tukuna, ki ɗebo ludayi ɗaya na ruwan tuffar mai zafi ki tsiyaya a hankali kina ja da fuskarki baya don zai yi tsartuwa ya taso. Ya lafa sai ki mayar kan wuta ki juya har ya narke duka, ki sa ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu, gishirin nan kada ki raina shi, shi ke fito da zaƙin. Daga nan ki juye cikin ruwan tuffar.

Su can suna sa man shanu da kirim a nasu. Ni na gwada da man shanunmu, rabin ƙaramin cokali ya wadatar, fiye da haka sai ƙamshin man ya rinjayi komai. Madara kuma a yi hattara, tuffa na da tsami, in kika zuba madara ruwan na kan wuta tsinkewa za ta yi ta zama gudaji gudaji. Mai son madara ya zuba ta gwangwani kaɗan a kofinshi bayan an sauke, kuma ranar kada a matsa lemun tsami.

Amma in don ra'ayina ne, mazarƙwaila ta fi. Na faɗa kuma zan maimaita. Ita ai ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, ɗanɗanon nan da ake wahalar nema wajen narka sukari ita da shi ta zo, ba ruwanki da tsoron ƙonewa, ki fasa ɓari ki narka ta da ɗan ruwa ki tace saboda ƙasa ƙasa da ake samu, shi ke nan. Ranar da na yi da ita na kai ma surukata a filas, ta kurɓa ta yi shiru ta sake kurɓa ta ce "'yar nan mi kika sa a ciki, ƙamshin ya tuna mani da." Na ce Inna mazarƙwaila ce. Ta ce ai na ji. Tun ranar in sanyi ya shigo ita ke aiko yaro ya tambaya ko an dafa. Matar da ko lemun kwalba ba ta sha.

Akwai abu ɗaya da ya wajaba in faɗa saboda masu bin girki a intanet. Sunan da Turawa ke kiran wannan ruwan, saida, ba ma'anarshi ɗaya ba a ko'ina. A Amurka in an faɗe shi haka kawai ruwan tuffa ne da ba a tace sosai ba, babu maye. A Ingila kuwa giya ce ta tuffa. To in kin ga kwalba a babban kanti ko wani ya kawo tsaraba kada ki ce ai tuffa ce, a karanta jikinta da kyau. Na gida ma ba a ajiye shi kwana da kwanaki a waje, ruwan 'ya'yan itace mai sukari in ya daɗe tsami yake yi ya fara juyawa. Ni abin da za a shanye a ranar nake dafawa, in ya ragu firij in da wuta, washegari a ɗumama a ƙarar.

Kuma ba magani ba ne, kada a je a ce na ce yana warkar da wani abu. Abin sha ne mai ɗumi mai daɗi, citta na ɗumama maƙogwaro, iyakarshi ke nan. Mai ciwon suga a ɗibar mashi nashi kafin a zuba zaƙin, ita kanta tuffar da zaƙinta, kuma mazarƙwaila ma sukari ce kada a ruɗi kai. Masu son sa zuma su tuna ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Na yara ƙanana ina rage citta in bari ya huce sosai.

Dusar da ta rage a ƙyallen ma ba na zubarwa, in tsince kanumfarin da kirfar in dama ta cikin kunun gyaɗa da safe, ko yara su shafa a burodi.

Jiya bayan isha'i na dafa, maigida ya dawo daga masallaci hannunshi kamar ƙanƙara na miƙa mashi kofi, yaran suna zaune kan tabarma kowa ya rungume nashi da hannu biyu yana hurawa. Ƙanwar tawa da ta ce sai dai mu gani a waya ita ta narka sukarin, kuma bai ƙone ba. Ta ce gobe za ta biya Babbar Kasuwa ta sayo mazarƙwaila ta gwada a gidanta, na ce ta sayo har da tawa don ta ƙare.